Inna ta faɗi a bakin rijiya, gida ya rabu biyu

Maman Walida:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya taimaka min. Mahaifiyarmu tana ƙauye, can gefen Ringim, shekarunta za su kai 72. Yau sati uku ke nan da ta faɗi. An kwana ana ruwa, da asuba ta fito da buta za ta ɗebi ruwan alwala, bakin rijiya ya yi gansakuka, santsi ya kwashe ta. Ta kai hannu za ta dafe ƙasa, wuyan hannun dama ya karye. An kai ta asibiti, an yi hoto, an sa filasta, alhamdu lillahi yana kamawa.

Ba hannun ne ya hana ni barci ba. Tun ranar Inna ba ta ƙara taka tsakar gida ba. Yayanmu ya kafa doka, ko tsinke kada ta ɗauka. Ruwan alwala a ɗaki, abinci a ɗaki, har fo aka sayo mata. Matar da ko wata biyu ba a yi ba ta taka har ƙauyen gaba ta'aziyya ta dawo kafin azahar, jiya da na je sai da ni da matar Yaya muka kama ta kafin ta iya tashi daga tabarma, ƙafafunta suna rawa. Likitan da ya duba ta ya ce ƙashinta ya zaizaye, ya kuma ce ta riƙa motsa jiki. Na gaya wa Yaya, ya ce ba a gidansa ba. Ni kuma hankalina bai kwanta da zaman nan ba. Yaya za mu yi?

Hajiya Ladi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai ina bayan yayanku. Baiwar Allah ta yi shekara hamsin tana daka da surfe da ɗiban ruwa don ku zama mutane, yanzu da ya kamata ta miƙe ƙafa ta ci gumin 'ya'yanta sai a ce ta motsa jiki? Ku bar ta ta huta, 'yar nan.

Baban Nana:
Allah ya ƙara sauƙi. Tsufa ai ba ya jin magani. Ku dai kula da ita, ku nemi albarkarta.

Malama Rabi:
Maman Walida sannu, ya mai jiki? Hajiya, ki gafarce ni, zan saɓa miki kaɗan. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin ƙauye, kuma abin nan na gan shi ya fi a ƙirga. Tsohuwa ta faɗi, karaya ta warke cikin sati shida ko takwas, amma ita ba ta ƙara tashi ba. In ka ɗaga zaninta ka duba cinyar sai ka ga ta zube, fata kawai ke reto. Daga nan sai gyambon kwanciya, sai tari, sai ciwon ƙirji. Mutanen gida su ce faɗuwa ce ajalinta, alhali kwanciyar ce ta ƙarasa ta. Hannun Inna ne ya karye, ƙafafunta lafiyarsu ƙalau. Don me za a ɗaure su?

Nura:
Salamu alaikum iyaye da yayye. Aikina gashin ƙashi, a Kano nake, amma ɗan yankin Taura ne ni. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri.

Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsohonsa yana gina sabo. Har wajen shekara 30 ginin ya fi rushewar yawa. A jikin mace akwai sinadarin estirojin da ke taka wa rushewar birki. Da al'ada ta ɗauke, wajen shekara 45 zuwa 55, sinadarin sai ya ja baya, ƙashi ya riƙa zaizayewa da sauri. Ba ciwo, ba kumburi. Kamar ƙyauren katako ne da gara ta ci ta ciki, a ido lafiya lau, ranar da aka jingina da shi sai ya burme. Gidauniyar da ke kula da wannan cuta ta zaizayewar ƙashi a duniya ta ce cikin mata 3 da suka haura shekara 50, ɗaya za ta samu irin wannan karaya, a maza kuma ɗaya cikin 5. Wuri uku ta fi kamawa: wuyan hannu, ƙashin baya, da ƙugu. Kuma karayar wuyan hannu sau da yawa ita ce sallamar farko. Wadda ta karye sau ɗaya ta fi sauran kusa da ta biyu.

To ta biyun ta ina take zuwa? Ta faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin 3 na waɗanda suka kai 65 yana faɗuwa a kowace shekara, kuma faɗuwa tana kashe mutum kimanin 684,000 a duniya duk shekara, 'yan sama da 60 suka fi yawa a ciki. Abin da ke tare tsohuwa daga faɗuwa ƙarfin cinya ne da iya gyara tsayuwa in ƙafa ta goce. Dukansu biyu zama yana cinye su. A Amurka an yi wani gwaji da aka wallafa a 2007, aka kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10 a gado, suka tashi sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafa. Kwana goma kacal. Inna ta yi ashirin da ɗaya.

A 2019 masana na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwaje 108 da aka yi kan tsofaffi fiye da 23,000, suka ga motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kashi 23 cikin ɗari. Akwai kuma tsarin motsa jiki na Otago na ƙasar Niyu Zilan, wanda aka wallafa gwajinsa na farko a 1997, an yi shi a kan mata 'yan shekara 80 zuwa sama, a cikin gidajensu, ba injin komai. Ya rage faɗuwa da kusan kashi 35.

Kawu Sale:
Ɗana Nura, ka yi bayani, Allah ya ƙara basira. Amma Niyu Zilan ba Jigawa ba ce. Waɗancan mata ne da inji ke yi musu wanki, mota ke kai su kasuwa. Matanmu na karkara su yi roron gyaɗa, su yi sussuka, su ɗauko itace a ka tun daga daji. Wace motsa jiki ta fi wannan? Ni a ganina cutar Turawa ce da matan birni.

Nura:
Kawu, rabin maganarka gaskiya ce, ban musa ba. Aikin ƙarfi a ƙuruciya yana gina ƙashi, kuma tsohuwar da har yanzu take zuwa gona ta fi ta ɗaki ƙwari nesa ba kusa ba. Amma duba yaushe matanmu ke ajiye taɓarya. Ranar da ɗan fari ya yi aure aka kawo suruka. Shekarun uwar miji a lokacin nawa? Arba'in da biyar, hamsin. Daidai lokacin da al'ada ke ɗaukewa ƙashi ya fara zuba, daidai lokacin muke cewa Inna zauna, kin gama naki. Ga injin niƙa da na surfe sun shigo kowane ƙauye. Sai ta shekara ashirin daga tabarma zuwa buzun salla. In ka samu dama ka leƙa Asibitin Ƙashi na Dala ka ga tsoffin da ake kawowa da karayar ƙugu, Kawu. Da yawansu daga ƙauyukanmu suke, ba daga unguwar masu kuɗi ta Nasarawa ba.

Baban Khalifa:
Salamu alaikum. Ni ne yayan da ake magana a kai. Ban so maganar gida ta fito nan ba, amma tunda ta fito bari a ji ta bakina.

Ni na ɗauke ta a bakin rijiyar nan. Na fito zan tafi masallaci na ji nishi, na haska tocila na gan ta kwance cikin caɓi, hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa, butar tana gefe. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai take kada in taɓa hannun. Da na cicciɓe ta sai na ji ba ta fi nauyin yarinya ba. Wanda bai ga wannan ba zai iya cewa ta motsa jiki.

Kuma ƙanwata ta sani, Gwaggonmu haka ta yi. Dokin ƙofa ta yi tuntuɓe da shi, ƙugu ya karye, aka kira mai ɗori ya ja ya ɗaure, wata huɗu tana kwance, ba ta ga damina ba. Ni ba mugunta nake wa Inna ba. Ba na son in ƙara haska tocila in gan ta a ƙasa.

Maman Walida:
Yaya ka yi haƙuri, wallahi ba don in tona ka na kawo maganar ba. Na san kai ke ɗauke da nauyinta, mu muna gidajen mazajenmu. Tsoron da kake ji ni ma shi nake ji.

Nura:
Yaya Baban Khalifa, Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Gwaggo. Tsoronka a kan hanya yake. Karayar ƙugu ba wasa ba ce, a ƙasashen da ake bin lissafi kusan ɗaya cikin 5 na tsofaffin da suka same ta ba sa cika shekara. Amma ka tuna Inna ba za ta dawwama a tabarma ba. Wata rana cikin dare za ta so fita, matarka tana barci, za ta ji nauyin tashinta, ta miƙe ita kaɗai. Da wace ƙafa za ta miƙe? Da wadda ta yi wata uku ba ta ɗauki nauyinta ba?

Ba cewa nake ta koma rijiya ba. Ga abin da nake nufi, kuma kai da kanka za ka tsaya a kai. Ka samu kujera mai ƙwari wadda tsayinta ya kai gwiwarta, ba 'yar tsugunno ba, ka jingina ta da bango. Inna ta zauna, tafin ƙafa duka a ƙasa, ta ɗan ja su baya, ta kawo ƙirji gaba ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna a hankali, kada ta faɗa kan kujerar. Kai kana gefenta na hagu, ɓangaren hannu mai lafiya, hannunka a bayanta, kada ka ja ta. In sau uku ta iya, ukun nan ya isa ranar farko. Duk cikin abin da zan faɗa wannan tashi-zauna shi ne uwa, don shi ne ƙarfin tashi daga gado da na makewayi.

Bayan kwana biyu ku ƙara da ɗage. Ta dafa bango ta ɗaga dunduniya ta tsaya a kan yatsu, ta sauko, kamar sau goma. Sai ta dafa ta ɗaga ƙafa ɗaya ku ƙirga biyar, ta canja. In ta saba, ta bi jikin katangar tsakar gida tana sa dunduniyar wannan ƙafa a bakin yatsun waccan, taku goma, ta dawo da tafiyar gefe-gefe. Da farko da tafin hannu za ta dafa, daga baya yatsa biyu, daga baya ɗaya. Sirrin yana nan: a riƙa ƙara wuya kaɗan-kaɗan. Abin da jiki ya riga ya saba da shi ba ya ƙara masa komai. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce 'yan 65 zuwa sama su yi irin wannan na ƙarfi da daidaita tsayuwa kwana 3 ko fiye a sati, ban da tafiya. Tafiya tana da kyau ga zuciya da suga da hawan jini, amma ita kaɗai ba ta wadatar wajen tare faɗuwa.

In ta ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko wani sabon ciwo mai suka a baya, a tsaya a koma wa likita. Hannun kuma, yatsu da kafaɗa ta riƙa motsa su tun yanzu don kada su sage, sauran sai an cire filasta.

Baban Khalifa:
To aikin gida fa? Don na san ta, in aka ba ta fuska gobe za ka gan ta da tsintsiya.

Nura:
A nan kam ina tare da kai. Mai zaizayayyen ƙashi, abin da ya fi yi mata illa shi ne ta duƙa da kaya a hannu ko ta murɗa baya da ƙarfi. Shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a duƙe, jan guga, sauke tulu, ɗaukar itace a ka, goyon ƙaton jika, duk waɗannan suna iya murƙushe ƙashin baya ba tare da ta faɗi ba. Shi ne za ka ga tsohuwa tana ta ranƙwafawa tana gajarcewa a ce tsufa ne, alhali ƙananan karaya ne ke taruwa. Wadda tsayinta ya ragu da kamar santimita 4 ya kamata a yi mata hoton baya. Amma tsintar wake, ɓarar gyaɗa, zuba wa kaji hatsi, shanya, shiga maƙwabta barka ko dubiya, ka sakar mata. Ka ɗaura wa tsintsiya doguwar sanda in ta matsa.

Malam Isa:
Bari in sa baki ta fuskar salla. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Sauƙi ne ga wanda ya kasa. Amma yanzu da uwa ta ce gwiwa, sai 'ya'ya su sayo kujera su ce daga yau a nan za ki riƙa yi, ko da tana iya tsayuwar. Wadda za ta iya tsayawa ta yi kabbara da karatu, ko da dogara sanda ne, ta tsaya, in ya so ta zauna a inda ta gaza. Malam Nura, ashe raka'a 17 a yini ba motsa jiki ba ne?

Nura:
Motsi ne mai kyau ƙwarai, Malam, kuma tsoffin da ba su daina tashi daga sujada da kansu ba ina ganin bambancinsu a cinya. Sai dai ba ya ƙaruwa, jiya da yau ɗaya ne, shi ya sa ake so a haɗa da wancan. Ita Inna yanzu ba za ta dafa ƙasa da hannun dama ba, don haka ta tsaya a tsayuwa, sujada ta yi yadda ta iya har hannun ya warke.

Maman Haidar:
Ni ta ɓangaren surukai zan yi magana, don mu ne a tsakiya. Uwar mijina tana da ƙarfinta, tana son ta taɓa aiki. Ranar da na bar ta ta tankaɗe gari, kafin magariba magana ta zaga unguwa cewa na mayar da ita baiwa. Ƙannen mijina suka zo har gida. Tun daga nan ko ludayi ta ɗauka sai in karɓe. Yanzu a ce matar Baban Khalifa ta tsaya a kan uwar mijinta tana tashi, zauna, tashi, zauna? Wa zai fahimce ta? Ku maza ba ku san wannan ba.

Hajiya Ladi:
Wannan gaskiya ne. Ni kaina da na ji labari irin haka, surukar zan zarga.

Malama Rabi:
Shi ya sa ba suruka za a ɗora wa ba. Ɗan ya fara da kansa, ya faɗa a gaban kowa cewa umarnin likita ne. Daga nan a ba jikoki ƙirga. Tsohuwa ba ta jin nauyin jikanta, wasa ne ma tsakaninsu. Wata tsohuwa a garin da nake aiki, jikarta 'yar aji huɗu ce ke ƙirga mata bayan la'asar, yanzu ƙawayenta biyu suna shigowa su yi tare, su sha fura su watse.

Sannan Baban Khalifa, ka tattaro duk magungunan da take sha ka kai wa likita ya gani. Tsoffinmu da yawa suna shan haɗin kemis na ciwon gwiwa, a ciki akwai dexamethasone ko prednisolone, irin waɗanda 'yan mata ke sha don ƙiba. Suna kwantar da ciwo, amma in an daɗe ana sha suna cin ƙashi sosai. Wadda ta daɗe a kansu kuma ba a yanke mata rana ɗaya, likita ne zai janye a hankali. Maganin barci da wasu na hawan jini suna sa jiri, don haka in ta farka ta zauna a bakin gado tukuna kafin ta miƙe. A duba idonta ko akwai yana, aikinta ba wuya. Ka kuma tambayi likitan ko tana buƙatar maganin ƙarfafa ƙashi, don akwai shi, motsa jiki ba ya maye gurbinsa. Abinci kuwa Allah ya hore mana masu kalsiyam, sinadarin gina ƙashi: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗin da muke nomawa muna sayar wa 'yan waje, ƙananan kifin Haɗeja da ake ci har ƙaya. Ta riƙa fitowa tana shan hantsi, rana ce ke sa jiki ya samar da bitamin D da ƙashi ke buƙata.

Kawu Sale:
To ni abin da na iya shi zan faɗa. Bakin rijiya a kankare gansakukar a zuba tsakuwa. Dokin ƙofar ɗakinta in ya yi tudu a rage. Turken awaki da igiyoyinsu a kawar daga hanyar makewayi, a kafa mata ƙarfe ko itace mai ƙwari a ciki da za ta kama in za ta tashi. Tocila a ƙarƙashin filo. Silifas ɗin da ya suɗe a jefar. Wannan ko bature bai faɗa ba mun sani.

Nura:
Kawu ka gama magana. Ƙari ɗaya: duk tsohuwar da ta faɗi ta kasa taka ƙafa, ko ƙafar ta gajarce ta juya waje, kada a ja, kada a murza. A kai ta a yi hoto a ranar. Karayar ƙugu yawanci aiki take so, kuma bayan aikin da wuri ake tayar da mutum.

Baban Khalifa:
Na ji. Zan gwada na kujerar, ni da kaina. In na ga abin da ban gane ba zan daina.

Baban Khalifa:
Salamu alaikum. Yau sati biyar da maganar nan, na ga ya kamata in dawo. Ranar farko sau biyu ta tashi, tana riƙe da wuyan rigata, ta ce in rabu da ita. Na kusa bari. Khalifa ne ya ce Inna ke da ni a ga wanda zai riga gajiya, shi ne ta yi na uku. Yanzu bayan la'asar ita ke aika a kira shi. An cire filasta. Shekaranjiya ta shiga gidan Liman barkar haihuwa da sandarta, ba wanda ya riƙe ta, ni dai ina biye a baya. Rijiya kam na hana, mun yi faɗa a kai har sau biyu. Malam Nura, na auna kamar yadda ka turo min, hannu a ƙirji, daƙiƙa 30, ta tashi sau 7.

Nura:
Masha Allah, Yaya, daga biyu da riƙo zuwa 7 ba riƙo. Ga mace mai shekara 70 zuwa 74 ana so ta kai 10, ku ci gaba. Yanzu ka ɗinka 'yar jaka ka zuba yashi rabin kilo, a ɗaura mata a idon sawu, tana zaune ta miƙe gwiwa ta sauke a hankali sau goma kowace ƙafa. In ya yi mata sauƙi ka mayar kilo ɗaya. Hunturu na tafe, kada sanyi ya mayar da ita ɗaki, a matsar da lokacin zuwa hantsi. Hannun kuma ku kawo ta a duba, akwai motsin da za a koya mata.

Maman Walida:
Alhamdu lillahi. Yaya, Allah ya ba ka masu yi maka. Jakar yashin ni zan ɗinka, zan taho da ita ran Juma'a.

Hajiya Ladi:
Malam Nura, ni shekarata 61, kuma gwiwar hagu tana ƙara in zan tashi. Na kujerar nan zan iya farawa, ko sai an duba ni tukuna?